Daga Zauren Ubangida Zuwa Teburin Intabiyu

Duk saurayi ko budurwar da suka ƙare karatu a wannan zamani, suka shiga neman aiki ko neman gurbi a wani kwas, sun san akwai ranar da za a kira su su shiga ɗaki su kaɗai, su tarar da mutum uku ko biyar waɗanda ba su taɓa gani ba zaune bayan tebur, a yi musu tambayoyi na kwatan sa'a ko rabinta, sa'an nan a sallame su a ce sa ji sakamako. Abin ya zama jiki har waɗansu na zaton haka duniya ta taso, alhali kuwa a ƙasar Hausa baƙuwar al'ada ce wadda ta biyo sawun Turawa, ba ta ma kafu sosai ba sai dab da samun mulkin kai. Kakanninmu da suka riƙe alƙalanci da limanci da hakimci, da waɗanda suka ja ayari daga Kano zuwa Gwanja, ba wanda aka taɓa zaunarwa aka ce ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa ya fi sauran cancanta. Ana gwada mutum a wancan zamani, gwaji ma mai tsanani, amma shekaru ke yin gwajin, bakin waɗansu kuma ke ba da shaida, shi mai nema nasa shiru ne da haƙuri.

Asalin wannan kuwa yana cikin shari'a kanta. Alƙalin da ke hukunci bisa mazhabar Malikiyya, in aka kawo masa mai shaida wanda bai sani ba, ba ya karɓar maganarsa sai an yi masa tazkiyya, watau sai waɗansu adilai da alƙalin ya yarda da su sun tabbatar masa mutumin nan adali ne abin yarda. Malamai suna ba da labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa wani ya zo zai tsaya wa wani, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne wanda ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko wata ma'amala ta kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya yanke cewa ai bai san shi ba. Maƙwabtaka da tafiya da ciniki kuwa ba a tara su cikin yini guda. Ga kuma hadisin Abdurrahman ɗan Samura da ke cikin Buhari da Muslimu, wanda ya hana mutum roƙon shugabanci, ya nuna wanda ya roƙa aka ba shi akan bar shi da kayansa, wanda kuwa aka ɗora wa ba da roƙo ba akan taimake shi. Yaron da ya tashi yana jin wannan a bakin malaminsa, ya koma gida ya ji iyayensa na cewa yabon kai jahilci, ba abin da zai yi masa nauyi kamar ya buɗe baki gaban manya ya ce shi ne ya dace.

Tambayar baka ita ma tana da asali a wurin malamai, sai dai malami wanda ya sani yake tambaya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya tambaye shi da me zai yi hukunci, da abin da zai yi in bai sami nassi ba, Mu'azu ya jera Littafi da Sunna da ijtihadi, aka yarda da jawabinsa. Mu'azu kuwa sahabi ne wanda aka san zurfin iliminsa tun a Madina. Haka al'amarin yake a zaurukan ilimi na Katsina da Kano da Zariya. Ɗalibi ya fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in Allah ya ja kwanansa ya kai Muhtasar, kullum safiya ya durƙusa gaban malam ya biya, malam na fassara yana gyara, shekara goma ko fiye, har malam ya san inda harshensa ke tuntuɓe da inda fahimtarsa ke tsayawa, ya san kuma yadda idonsa ke yi in an kawo sadaka. Ranar da zai ba shi ijaza ba ya bukatar wata jarrabawa. Ijazar kuwa jerin sunayen mutane ce, wane daga wane har zuwa mawallafi, kowanne ya ɗauki nauyin na bayansa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓi ijaza daga Malam Jibrilu ɗan Umar, ƙanensa Abdullahi kuma ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusuhi, domin ya ambaci malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Mai neman asalin takardar tarihin karatu da ake miƙa wa masu ɗaukar aiki yau yana iya ganin kamanninta a nan, sai dai ita ta Abdullahi malaman take ɗaukakawa, ɗalibin ya maƙale a bayansu.

A fagen sarauta da fatauci kuwa ƙofar ita ce barantaka. Uba ya ɗauki ɗansa bayan la'asar, da ɗan goro ƙulle cikin ganye, su tuɓe takalma tun daga bakin zaure, su zube su yi gaisuwa, uban ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yaronka nan na kawo, amana ce, a sa shi hanya." Ubangida ya dubi yaron sau ɗaya, ya tambayi sunansa, watakila ma uban ne zai amsa, shi kuwa kansa na sunkuye yana wasa da bakin tabarma. Shi ke nan an karɓe shi, amma ba a ba shi kome ba tukuna. Zai yi shekara yana share zaure, yana yanko wa doki ciyawa, yana kai saƙo. Wata rana a aike shi kasuwa da kuɗin da suka fi ƙarfin sayayyar, a ga ko ragowar za ta dawo cif. Wata rana a saki magana a gabansa da gangan, a saurara a ji ko za ta ɓulla a gari. In ya tsallake waɗannan, sa'an nan a ba shi ɗan jari, ko a tura shi jakadanci ƙauye, har a yi masa aure a ba shi wurin zama. Madugu ma ba ya damƙa wa yaro jakuna da kaya sai ya ga yadda ya yi da ƙishirwa da tsoro a kan hanya.

Akwai hikima cikin wannan tsari, domin da wuya munafiki ya iya ɓoye halinsa shekara biyar a gida ɗaya, amma yana da aibi babba wanda bai kamata mu rufe shi don ƙaunar da ba. Wanda ba shi da mai kai shi zaure ba shi da ƙofa. Ɗan talaka a ƙauye, kome hazaƙarsa, in ubansa bai san kowa a birni ba, a gona zai tsufa, mai uwa a gindin murhu kuwa ba ya cin tuwo gaya. Sarauta gado, sana'a gado, ilimi kansa sau da yawa gado. Shehu da kansa a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan zamaninsa bisa gadon mulki ba tare da shawara ba, da karɓar gaisuwa, wadda kan sa a fifita mai hannu da shuni bisa mai gaskiya. Bayan jihadin Shehu kuma ba a ce waɗannan abubuwa sun gushe ƙaf ba.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, amma ba su taɓa wannan tsari nan da nan ba, domin ta hannun sarakuna suka tafiyar da mulkinsu. Abin lura shi ne su Di'o da su Razdan da suka yi ta zuwa bayan haka, su kansu da intabiyu aka zaɓo su. A Ingila tun 1855 aka kafa hukumar da ke jarraba masu neman aikin gwamnati, mai son zuwa mulkin Indiya kuma sai ya ci wata jarrabawa ta rubutu mai wuyar gaske, amma masu zuwa mulki Afirka ba a yi musu wannan. Wani Bature mai suna Ralph Furse, wanda ya fara aikin ɗaukar ma'aikata a Ofishin Mulkin Mallaka na Landan a 1910, bai kuwa aje shi ba sai 1948, shi da mataimakansa ke karanta wasiƙun shaida daga malaman saurayi, galibi na Oxford da Cambridge, sa'an nan su kira shi su zauna da shi su yi hira, suna lura da yadda ya shigo, da yadda ya miƙa hannu, da yadda yake mayar da jawabi. A cikin littafin jagora da ofishin ya tsara wa masu ganawa har an ja hankalinsu cewa kawar da ido daga fuskar mai tambaya na iya zama alamar rauni. A riƙe wannan, gama mutanen da aka zaɓa da wannan ma'auni su ne daga baya suka zauna bayan tebur a Kaduna suna auna 'ya'yanmu, waɗanda aka hora tun suna ƙanana cewa zuba wa babba ido rashin kunya ne.

A farkon zamanin boko ba mai shirin ganawa da kowa, don makaranta gudunta ake yi. Da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sarakuna aka nema su aiko da 'ya'yansu da malamansu, waɗansu kuwa suka ɓoye nasu suka aiko da 'ya'yan barori. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horon malaman makaranta, daga larduna ake tsamo mata yara bisa shaidar malamansu da yardar hukuma. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928. In yaro ya fito aiki na jiransa a En'e, ko malanta, ko akawu a ofishin Sarki ko baitulmali, ko malamin asibiti ko na gona ko na daji, wanda zai ba shi aikin kuwa ya san ubansa ya san kakansa, watau dai barantakar ce, sai albashi da aka ƙara mata. Aikin gwamnati na ofisoshin Kaduna da reluwe da gidan waya kuwa galibinsa a hannun mutanen Kudu yake, da na Saliyo da Gwalkwas, waɗanda suka riga mu karatun boko da shekaru masu yawa.

Cikin shekara goma al'amarin ya juya. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Dokoki ta Arewa ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, cikin abin da ke damun 'yan boko na lokacin kuwa har da yadda ake ba da aiki da ƙarin girma bisa ganin damar manya. A 1954 tsarin mulki ya raba aikin gwamnati, kowace jiha ta sami nata ma'aikata, Sardauna Ahmadu Bello ya zama Firimiya, gwamnatinsa ta ɗauki manufar mayar da aiki hannun 'yan Arewa: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ba, in babu a ɗauko Bature bisa kwantiragi na 'yan shekaru kafin a sami mai gadonsa. Aka kafa Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa a Kaduna, cikin waɗanda suka zauna a kanta har da Alhaji Abubakar Imam, mawallafin Magana Jari Ce, wanda ya riƙe editancin Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939. Makarantar horon akawuna ta Kongo a Zariya aka ɗaukaka ta a 1954 ta zama cibiyar koyon aikin mulki, a 1957 ta fara horon 'yan Arewa da za su zama mataimakan Di'o. Ga guraben sukolashif zuwa Ibadan da Ingila, ga soja na neman hafsoshi, har ministoci irin su Ibrahim Tako Galadiman Bida suna zaga makarantun sakandare suna kwaɗaita wa yara shiga. Kowace ɗaya daga cikin ƙofofin nan akwai tebur a bakinta, da mutane zaune da alƙalami, waɗanda ba su da shekara biyar da za su kashe wajen sanin yaro, domin Arewa ta karɓi mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, ƙasa gaba ɗaya kuma a 1960, ofisoshi na jiran masu cika su.

Wajibi ne a yi wa wannan sabon tsari adalci. Shi ne ya fara ba ɗan manomi daga Gumel ko Biu ko Argungu damar ya tsaya gaban waɗanda ba su san ubansa ba, ba kuma ruwansu da ko ubansa wane ne, su auna shi da abin da ke kansa. Ni a wurina wannan alheri ne babba, kuma da yawa daga cikin manyan sakatarori da alƙalai da likitocin da Arewa ta yi alfahari da su ta wannan ƙofa suka shigo. Amma alherin ya zo da wani nauyi da ba a saba ɗauka ba, domin shaidar da maƙwabci da malami da ubangida ke bayarwa a da, yanzu ta koma kan harshen yaron da kansa.

Mu dubi yaron da ya fito daga Midil ko sakandare a waɗannan shekaru, takardar kira ta same shi ta hannun hedimasta. Ya hau jirgin ƙasa ya kwana a hanya, ya sauka gidan wani ɗan garinsu da ke aikin masinja ko akawu a Kaduna, da dare ya wanke farar rigarsa, ya aro dutsen guga na gawayi, ya sa takardunsa cikin ambulan ya tura ƙarƙashin matashi. Da safe ya tarar da 'yan'uwansa jere kan benci a baranda, kowa na leƙen fuskar wanda ya fito. Masinja ya kira sunansa. Daga nan duk abin da jikinsa ya saba yi gaban manya sai ya zama akasin abin da ake so. Ƙafarsa na son tuɓe takalmi, alhali an ce ya shiga da su. Gwiwarsa na son durƙusawa, alhali ga kujera an nuna masa, kujerar kuma daidai take da ta dattawan. Idonsa na neman ƙasa, muryarsa na neman sauka. A gida in babba ya tambayi yaro, ladabi ne ya taƙaita ya bar wa babba cikon magana, a nan kuwa gajeriyar amsa rashin sani ake lissafa ta. In aka ce me ya sa yake son wannan aiki, jawabin da ya tashi da shi shi ne duk wanda aka ga ya dace da shi ya gode, mai tambaya kuwa sai ya ɗauka yaron ba shi da himma. Ga shi kuma duk da Turanci ake yi, harshen da ya koya a aji, bai taɓa neman wata bukata da shi ba.

Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi Di'o a Adamawa ya kuma koyar a Kongo, ya yi wata lacca da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya lissafa gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. In mutum ya yi nazarin waɗannan sifofi goma, zai ga kusan dukkansu zama tare ke bayyana su, waɗanda ake iya gani cikin kwatan sa'a ba su wuce kunya da ladabi da ɗan hankali ba, biyu na farkon kuma su ne baƙo ya fi saurin yi wa mummunar fassara. A nan ne amfanin zaman dattawan ƙasa irin su Imam a kan teburin ya fito, domin ɗan ƙasa ya san bambancin sunkuyawar yaro mai tarbiyya da ta yaron da bai san amsa ba, ya san kuma yadda zai ja shi da hira har harshensa ya sake.

Daga wannan bukata aka sami wani sabon fanni na koyarwa wanda ba ya cikin manhaja, hedimastoci da malaman aji da yayyen da suka riga shiga suka riƙa gadar da shi ga na baya. Ana gobe za a tafi, hedimasta ya tara yaran ya zauna bayan teburinsa, ya sa kowa ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofa ya shigo, ya gaida mutane a tsaye, kada ya zauna sai an ce ya zauna, ya dubi mai tambaya a fuska ba tare da ƙura ido ba, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. Aka hore su su karanta jarida, Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen, su san sunayen ministoci da ma'aikatunsu, su san abin da lardinsu ke nomawa da inda ake kai gyaɗa da auduga, su kuma binciki ainihin aikin da suke nema, don babu abin kunya kamar mai neman aikin gona da bai san lokacin shukar gero ba. Ƙungiyoyin muhawara na makarantu sun yi aiki ƙwarai a nan, Kwalejin Katsina ma tun da can ta yi suna wajen gyara lafazin Turanci. Nasiha ɗaya ce daga cikin waɗannan ba ta zama baƙuwa ga ɗan zaure ba, watau in ba ka san abu ba ka ce ba ka sani ba, kada ka yi kame-kame. Gama an ruwaito an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, hakan kuwa bai rage masa kome ba a idon malamai.

Sauran mas'alar yabon kai, wadda ita ce ta fi tsaya wa masu tsoron Allah a rai, kuma ina ganin malamanmu sun daɗe da warware ta, mu ne ba mu isar da fatawar ga yara ba. A cikin Suratu Yusufa, aya ta 55, Annabi Yusufu, alaihissalam, ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci tsaronsa ga abin da aka ba shi da saninsa ga aikin. Masu tafsiri irin su Ƙurɗubi sun ciro daga nan cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya in yana tsakanin waɗanda ba su san shi ba, kuma akwai maslaha cikin faɗin, har ya halatta ya nemi aiki in ya san shi zai tsayar da haƙƙinsa. Halin Yusufu a Masar shi ne halin mai shiga intabiyu: baƙo ne, babu maƙwabci babu malami a kusa, in bai faɗa ba babu mai faɗa. Abin lura kuma sifa biyu kawai ya ambata, duka biyun kuwa sun shafi aikin da ake magana a kansa, bai kawo nasabarsa ba ko da yake ɗan annabawa ne. A Suratul Ƙasasi ma, aya ta 26, ƙarfi da amana 'yar dattijon Madayana ta ambata sa'ad da ta ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa aiki. Wanda ya shiga ɗakin ganawa ya faɗi abin da ya karanta, da abin da ya taɓa yi da hannunsa, da yadda zai amfani aikin, bai ƙara ba bai rage ba, shaida ya bayar, shaida kuwa ɓoye ta laifi ne.

'Ya'ya mata nauyin ya ninka a kansu. Nana Asma'u 'yar Shehu, in za ta naɗa jaji wadda za ta jagoranci 'yan taru daga ƙauyuka, dattijuwar da ta yarda da hankalinta take ɗora wa malfa, tsakanin mata ake yin kome. Amma bayan an buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato a 1939, da sakandaren Sarauniya Alizabat a Ilori a 1956, sai ga yarinya mai neman kwas na jinya ko unguwarzoma ko malanta tana tsaye gaban maza sa'o'in ubanta, ita da aka raina bisa cewa ko a gaban baƙon gidansu ba ta ɗaga kai. Waɗanda suka daure suka tsallake a wancan zamani su ne suka zama hedimistires da manyan ma'aikatan jinya, suka zauna da kansu bayan tebur, suka kuma koya wa 'yan baya cewa mace na iya amsa tambaya da murya sarai kunyarta na nan daram.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, shida daga cikinsu a Arewa, kowace na neman ma'aikata, ga kuɗin mai ya shigo, sai ya zama aiki ke neman mai takarda, wanda ya gama bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973, zaɓi yake tsakanin wurare biyu ko uku. Bayan tsuke bakin aljihu na 1986 guraben suka ƙanƙance, makarantu kuwa ba su daina yaye ɗalibai ba, har masu nema suka fi ƙarfin tebur, aka sa jarrabawar rubutu, daga baya ta kwamfuta, domin a rage su kafin ganawa. Ran 15 ga Maris 2014 dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a Abuja da waɗansu birane suna neman guraben Hukumar Shige da Fice waɗanda ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsutsu, mutum fiye da 10 suka rasu. Inda nema ya yi yawa haka, takardar wane da wayar wane sukan dawo su shiga gaban cancanta, watau aibin barantaka ya komo ba tare da shekarun gwajinta ba.

Tsohuwar shaida kuma tana nan a ƙasan fom: sunayen mutum biyu da za su tsaya wa mai nema, da takardar ƙaramar hukuma, da sa hannun hakimi ko dagaci, da takardar lamuni da soja da 'yan sanda da bankuna ke nema. Sai dai da yawa daga masu sa hannun ba su taɓa ganin yaron ba sai ranar da ya zo da takardar, wani lokaci ma ɗan aike ke kawo ta. Horon nan da hedimasta kan yi ana gobe tafiya shi ma ya yi ƙaranci a makarantun gwamnati, inda malami ɗaya ke fama da aji cike maƙil. 'Ya'yan ma'aikata suna samunsa a gida wajen cin abinci, suna kuma gwadawa a waya da intanet, yanzu da ake yin wata ganawar ta bidiyo. Amma yaron ƙauye wanda shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan matsayi, sau da yawa ranar intabiyu ita ce rana ta farko da wani babba ya zaunar da shi a kujera ya tambaye shi ra'ayinsa.